Darasi na Tara: Halayen Babbar Lamba da Ajujuwanta, Misalin 720,720

Abin da za a koya

Idan an kammala wannan darasi, ɗalibi zai iya karanta lamba mai alƙaluma shida, ya kuma faɗi darajar kowane alƙalami. Zai iya gane lambobin da ke raba wata lamba ba tare da dogon lissafi ba. Zai iya warware lamba zuwa ƙananan lambobin da aka gina ta da su, ya ƙirga masu raba ta, sannan ya faɗi ajin da ta faɗa ciki.

Shimfiɗa

A ce ƙungiyar manoma biyu sun sayar da amfanin gonarsu. Ta farko ta samu naira miliyan ɗaya cif, ta biyu kuwa naira 720,720. Kowace ƙungiya tana da mutum bakwai. Ma'ajin ta farko ya ba kowa 142,857, sai naira ɗaya ta rage a hannunsa ba mai ita. Na ta biyu ya ba kowa 102,960, kuɗi suka ƙare tas. Da mutanen tara ne, ko goma sha ɗaya, ko goma sha uku, da haka za ta sake faruwa: miliyan ta bar saura, 720,720 ta rabu daidai. Miliyan ta fi yawa, amma ba yawan lamba ke sa ta rabu ba, yadda aka gina ta ne. Wannan ginin za mu tona a yau.

1. Karanta lambar

Waƙafin da ke tsakiyar 720,720 ya raba ta gida biyu. Na hagu gidan dubbai ne, na dama kuma abin da bai kai dubu ba. Ana karanta ta haka: dubu ɗari bakwai da dubu ashirin, da ɗari bakwai da ashirin. A riƙa maimaita "dubu" ɗin nan wajen ciniki ko cike takardar banki, domin idan aka ce "dubu ɗari bakwai da ashirin" kawai, wani zai ji 720,000, wani kuma 700,020.

Darajar alƙalami tana ga gurbin da ya zauna. Bakwai ta farko 700,000 ce, ta biyu kuwa 700 kacal. Biyu ta farko 20,000 ce, ta biyu 20. Sifili ba ya da daraja ta kansa, amma shi ke tsare gurbi. A cire sifilin tsakiya, lambar ta faɗo zuwa 72,720.

2. Cika ko mara

Aji na farko da ake sa lamba shi ne cika ko mara. Cika ita ce wadda za a raba biyu daidai, mara kuwa tana barin ɗaya. Alƙalamin ƙarshe kaɗai ake dubawa: idan 0, 2, 4, 6 ko 8 ne, lambar cika ce. Tamu ta ƙare da 0, saboda haka cika ce, rabinta 360,360.

3. Gwajin rabo

Lambar da ta raba wata daidai, ba saura, ita muke kira mai rabawa. Ga hanyoyin gane su da ido.

Da 5 da 10: lambar da ta ƙare da 0 ko 5 tana rabuwa da 5, wadda ta ƙare da 0 kuma tana rabuwa har da 10. Tamu ta ci duka biyun: 144,144 da 72,072.

Da 4: a dubi alƙaluma biyu na ƙarshe. A nan 20 ne, kuma 4 tana raba 20. Ba sai an dubi sauran ba, domin kowace ɗari 4 sau 25 ce.

Da 8: a dubi uku na ƙarshe, wato 720, wadda take 8 sau 90. Dalilin iri ɗaya ne, kowace dubu 8 sau 125 ce.

Da 3 da 9: a tara alƙaluman. 7 + 2 + 0 + 7 + 2 + 0 = 18. Tunda 3 da 9 suna raba 18, suna raba lambar gaba ɗaya. Abin da ya sa haka shi ne goma tara ce da ɗaya, ɗari casa'in da tara ce da ɗaya, dubu 999 ce da ɗaya. Idan aka kwashe tara-tara daga kowane gurbi, abin da ke raguwa shi ne alƙalamin kansa.

Da 6, 12 da 15: ana haɗa gwaji biyu. Abin da 2 da 3 suka raba, 6 za ta raba. Haka 3 da 4 ga 12, haka 3 da 5 ga 15. Amma a lura, 2 da 4 ba sa tabbatar da 8, tunda akwai 2 a cikin 4. Misali 12: tana rabuwa da 2 da 4, ba ta rabuwa da 8.

Da 7, 11 da 13: ga lamba mai alƙaluma huɗu zuwa shida, a raba ta a wurin waƙafi, a ɗebe ƙaramin gida daga babba. Idan abin da ya rage sifili ne, ko ɗaya daga cikin ukun nan tana raba shi, to tana raba lambar. A nan 720 − 720 = 0, duk ukun sun shiga. Sirrin yana ga 1,001, wadda take 7 × 11 × 13, kuma 720,720 ba komai ba ce illa 720 × 1,001.

Ku gwada a aji. Kowa ya zaɓi lamba mai alƙaluma uku ya rubuta ta sau biyu a jere, kamar 385,385. Ya raba da 7, zai samu 55,055. Ya raba wannan da 11, zai samu 5,005. Ya raba da 13, sai ga 385 ta dawo masa.

Ga sakamakon wasu rabe-raben:

720,720 ÷ 7 = 102,960
720,720 ÷ 8 = 90,090
720,720 ÷ 9 = 80,080
720,720 ÷ 11 = 65,520
720,720 ÷ 12 = 60,060
720,720 ÷ 13 = 55,440
720,720 ÷ 14 = 51,480
720,720 ÷ 15 = 48,048
720,720 ÷ 16 = 45,045
720,720 ÷ 17 = 42,395, saura 5

Daga 1 har 16 ba wadda ta bar saura. A kan 17 aka fara cijewa, kuma za mu ga dalili.

4. Gagara-rabo da haɗaɗɗiya

Akwai lambobin da ba mai raba su sai 1 da su kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, har gaba. Su ne gagara-rabo. Duk lambar da ta wuce 1 kuma ba ta cikinsu, haɗaɗɗiya ce. Ita 1 ba a sa ta a ko ɗaya daga ajin biyu. Yuklid, masanin da ya koyar a Iskandariya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tabbatar da cewa gagara-rabo ba su da iyaka.

Gagara-rabo su ne tubalan gini. Kowace haɗaɗɗiya da su aka gina ta, kuma ba lambobi biyu da tubalansu suka zo iri ɗaya. Don a gano su, sai a fara rabawa da mafi ƙanƙanta, a yi ta yi har ta daina shiga, sannan a matsa gaba:

720,720 ÷ 2 = 360,360
360,360 ÷ 2 = 180,180
180,180 ÷ 2 = 90,090
90,090 ÷ 2 = 45,045
45,045 ÷ 3 = 15,015
15,015 ÷ 3 = 5,005
5,005 ÷ 5 = 1,001
1,001 ÷ 7 = 143
143 ÷ 11 = 13
13 ÷ 13 = 1

Ke nan 720,720 = 2 × 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13.

Yanzu duk wata tambaya ta rabo amsarta tana cikin wannan layi. Shin 14 za ta shiga? Tana buƙatar 2 da 7, akwai su. Shin 16? Tana buƙatar 2 har guda huɗu, akwai su cif. Shin 32? Tana buƙatar biyar, babu. Shin 25? Tana buƙatar 5 guda biyu, ɗaya ce kawai. Ita kuwa 17 gagara-rabo ce da ba ta cikin layin sam, shi ya sa ta bar saura.

Ku kwatanta da miliyan. Goma 2 × 5 ce, miliyan kuwa goma guda shida ce aka ninka da juna. Don haka ba komai a cikinta sai 2 guda shida da 5 guda shida. Babu 3, babu 7, babu 11, babu 13. Daga 1 zuwa 16, guda bakwai kaɗai ke raba ta: 1, 2, 4, 5, 8, 10 da 16.

5. Nawa ne masu raba ta?

Mu fara da ƙarama. 12 = 2 × 2 × 3. Mai son haɗa lambar da za ta raba 12, yana iya ƙin ɗaukar 2, ko ya ɗauki ɗaya, ko biyu: zaɓi uku ke nan. Yana iya ƙin ɗaukar 3 ko ya ɗauka: zaɓi biyu. Uku sau biyu shida ne, kuma lalle masu raba 12 shida ne: 1, 2, 3, 4, 6, 12.

Ƙa'idar ke nan: a ƙirga sau nawa kowace gagara-rabo ta fito, a ƙara ɗaya, sannan a ninka sakamakon. A lambarmu 2 ta fito sau huɗu, zaɓi biyar. 3 sau biyu, zaɓi uku. Sauran huɗun kowace sau ɗaya, zaɓi bibbiyu.

5 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 240

Masu raba 720,720 guda 240 ne. Na miliyan kuwa 7 × 7, wato 49.

Ba wata lamba ƙasa da 720,720 da masu raba ta suka kai 240. Wadda ta fi matsowa ita ce 665,280, mai 224. Lambar da ta fi duk na ƙasa da ita yawan masu rabawa tana da aji na musamman, za mu kira su zakarun rabo. Jerinsu ya fara da 1, 2, 4, 6, 12, 24, 36, 48, 60, 120, 180, 240, 360, 720, 840. Srinivasa Ramanujan, masanin lissafi ɗan Indiya da ya yi aiki a Kambrij ta Ingila, ya wallafa dogon nazari a kansu a 1915. Lambarmu ita ce zakara ta ƙarshe kafin miliyan. Wadda ke bin ta ita ce 1,081,080, mai masu rabawa 256.

Ƙananan wannan jeri mun saba da su. Dozin goma sha biyu ce, yini da dare awa 24, awa minti 60, da'ira kuma digiri 360. Ƙirga da sittin gadon mutanen Babila ne na ƙasar Iraƙi ta yanzu, kuma amfaninsa a fili yake: rabin awa, sulusinta, rubu'inta da humusinta duk mintuna ne cikakku, 30, 20, 15 da 12. Aflatun, masanin falsafa na Girka, da yake tsara birnin da yake ganin ya dace, ya zaɓi gidaje 5,040, saboda lambar tana rabuwa da kowace lamba daga 1 zuwa 10. Ita ma zakara ce.

6. Mafi ƙanƙanta da kowa zai raba

Wace lamba ce mafi ƙanƙanta da 1 zuwa 10 duk za su raba? Ita ce 2,520. Idan aka kai 12, sai 27,720. Idan aka kai 15, sai 360,360. Idan aka kai 16, ana buƙatar ƙarin 2 guda ɗaya, sai a ninka ta biyu, a samu 720,720. Wannan shi ne halinta mafi shahara: ita ce mafi ƙanƙantar lamba da kowace lamba daga 1 zuwa 16 ke rabawa. Mai son shigar da 17 sai ya ninka ta sau 17, ya kai 12,252,240.

Malaman rabon gado suna yin irin wannan lissafi kullum. Kason da aka ƙayyade a Suratun Nisa'i shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Idan sumuni da sudusi suka haɗu a gado ɗaya, ana neman ƙaramar lambar da 8 da 6 za su raba, wato 24, a mai da ita asalin mas'ala. A ce mutum ya rasu ya bar mata, uwa, uba, ɗa ɗaya da 'ya ɗaya, kuma bayan an biya bashi da wasiyya naira 720,720 suka rage. A raba su kashi 24, kowane kashi 30,030. Matar tana da sumuni, kashi uku, 90,090. Uwa da uba kowanne sudusi, kashi huɗu-huɗu, 120,120. Kashi 13 da suka rage, 390,390, na 'ya'ya ne, a kasa su uku: ɗa ya ɗauki 260,260, 'ya 130,130. Ba kwabon da ya karye. Da miliyan ce, sudusin kaɗai zai zama 166,666 da sulusi biyu na naira. Littafin aljabara da Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na tara, babban sashe nasa a kan lissafin gado da wasiyya yake.

7. Tauyayya, kammalalliya ko wadatacciya

Akwai wani tsohon kaso da Nikomakus na garin Jarash, a ƙasar Jodan ta yanzu, ya bayyana wajen shekara ta 100 miladiyya. A tara duk masu raba lamba, ban da ita kanta, a kwatanta jimillar da lambar.

Idan jimillar ba ta kai ba, lambar tauyayya ce. Misali 8: 1 + 2 + 4 = 7. Duk gagara-rabo nan suke, domin jimillarsu 1 ce.

Idan ta zo daidai, kammalalliya ce. Misali 6: 1 + 2 + 3 = 6. Irinsu ba su da yawa. Huɗun farko su ne 6, 28, 496 da 8,128, ta biyar kuwa sai an kai 33,550,336.

Idan ta zarce, wadatacciya ce. Misali 12: 1 + 2 + 3 + 4 + 6 = 16.

Ba sai mun tara lambobi 239 ɗaya bayan ɗaya ba. Rabinta da sulusinta da rubu'inta kaɗai, 360,360 + 240,240 + 180,180, sun ba da 780,780, sun riga sun wuce ta. Wadatacciya ce ba shakka. Mai son cikakkiyar jimilla sai ya tara zaɓin kowace gagara-rabo daban: 1 + 2 + 4 + 8 + 16 = 31, sai 1 + 3 + 9 = 13, sai 6, 8, 12 da 14 na 5, 7, 11 da 13. Ya ninka su duka, zai samu 3,249,792. Ya ɗebe lambar kanta, saura 2,529,072, wato ninkinta uku da rabi da 'yan kai.

8. Murabba'i ce?

Murabba'i ita ce lambar da ake samu idan an ninka lamba da kanta, kamar 49 daga 7 × 7, ko miliyan daga 1,000 × 1,000. Alamarta ita ce kowace gagara-rabo a cikinta ta fito bibbiyu, ba wadda ta rasa abokiya. A lambarmu 5, 7, 11 da 13 kowace ita kaɗai ce, saboda haka ba murabba'i ba ce. Tana tsakanin 848 × 848, wato 719,104, da 849 × 849, wato 720,801. Mai shuka rami 720,720 ba zai iya jera ramukansa tsawo da faɗi daidai ba. Iyakar kusantarsa layi 840, kowane layi rami 858.

Wata alamar kuma: masu rabawa suna zuwa biyu-biyu, 1 da 720,720, 2 da 360,360, har zuwa 840 da 858. Shi ya sa adadinsu cika ne. A murabba'i kaɗai ake samun ta tsakiya da ke ninka kanta, adadin ya zama mara, kamar 49 ɗin miliyan.

9. Maƙwabtanta

A ƙara mata ɗaya, ta zama 720,721. Wannan kowace lamba daga 2 zuwa 16 aka raba ta da ita, sai ta bar saura ɗaya. A ƙara biyu, 2 za ta raba 720,722, tunda tana raba lambarmu tana kuma raba ƙarin. Haka 3 za ta raba 720,723, haka har 16 da 720,736. Ke nan ga lambobi goma sha biyar a jere, ba gagara-rabo ko ɗaya a cikinsu, kuma mun san haka ba tare da mun yi rabawa ko ɗaya ba.

Taƙaitawa

Lambar 720,720 cika ce, haɗaɗɗiya, wadatacciya, zakarar rabo mai masu rabawa 240, kuma mafi ƙanƙantar da 1 zuwa 16 ke rabawa. Ba murabba'i ba ce. Duk waɗannan halaye daga layi ɗaya suka fito: 2 × 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13. Duk lambar da aka ba ku, ku fara da neman irin wannan layi nata.

Aiki

1. Rubuta 360,360 da kalmomi, ka faɗi darajar kowace 6 da ke cikinta.
2. Ba tare da dogon rabo ba, gano ko 7, 8, 9, 11 da 13 suna raba 27,720.
3. Warware 5,040 zuwa gagara-rabo, ka ƙirga masu raba ta.
4. Sa kowace a ajinta, tauyayya, kammalalliya ko wadatacciya: 28, 45, 100.
5. Mutum 14 za su raba naira 720,720, sai aka ƙara mutum biyu. Nawa ya ragu a kason kowa?
6. Nawa ne mafi ƙarancin abin da za a ƙara wa 720,720 don mutum 17 su raba daidai?
7. Daƙiƙa 720,720 kwana nawa ne, da awa nawa, da minti nawa?

Amsoshi

1. Dubu ɗari uku da dubu sittin, da ɗari uku da sittin. Ta farko 60,000, ta biyu 60.
2. 720 − 27 = 693, wadda 7 da 11 ke rabawa, 13 ba ta rabawa. 8 tana raba 720, 9 kuma tana raba 18. Duk sun shiga ban da 13.
3. 2 × 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5 × 7. Masu rabawa: 5 × 3 × 2 × 2 = 60.
4. 28 kammalalliya, 45 tauyayya da jimilla 33, 100 wadatacciya da jimilla 117.
5. 51,480 − 45,045 = naira 6,435.
6. 12, tunda saura 5 ne. Kowa zai samu 42,396.
7. Minti 12,012 ne, wato kwana 8 da awa 8 da minti 12.